Alama ɗaya, cuta goma: a auna tukuna ko a soka allura kawai?

Mai Garken Awaki:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, na kuma san likitocin cikinmu ba za ta yi musu daɗi ba. A ganina yawan binciken da ake cewa sai an yi kafin a ba dabba magani ɓata lokaci ne. Alamomin ciwo a jikin dabba nawa ne duka-duka? Ko ta ƙi ci, ko zawo, ko tari da majina, ko ɗingishi, ko kumburin ciki. To tunda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, me zai hana a haɗa musu magani guda? Allurar oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, maganin tsutsa, a ɗora da bitamin. Ni haka nake yi, kuma mafi yawa suna tashi. Mai hujjar da ta fi wannan ya kawo ta.

Likitar Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Malam, rabin maganarka gaskiya ce, kuma wannan rabin shi ne hujjata. Alamomin kaɗan ne, abin da ke haddasa su ne yake da yawa. Ɗauki saniyar da ta kwanta ta kasa tashi. Idan kwana ɗaya ko biyu ke nan da haihuwarta, kunnuwanta sun yi sanyi, ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a kwiɓi, zafin jikinta ya yi ƙasa, to sinadarin kalsiyam ne ya ragu a jininta. A sa mata shi ta jijiya a hankali, sau da yawa kafin awa biyu ta miƙe. Wata kuma kwanciyar iri ɗaya ce, amma ka taɓa hantsarta ka ji ta kumbura ta yi zafi, ka tatsa ka ga ruwa-ruwa maimakon nono. Ta uku babu abin da ya same ta sai jijiyar ƙafa da ta danne wajen haihuwar maraƙi mai girma. Haɗinka ba zai tayar da ta farko ba, ba zai amfani ta uku ba, ta biyun ma ba zai ishe ta ba.

Batun "mafi yawa suna tashi" kuwa, da yawansu ko ba ka yi musu komai ba za su tashi. Waɗanda ba su tashi ba su ne abin tambaya.

Mai Garken Awaki:
Dokta, ai ke kina da kayan aiki. Ni da me zan gane wannan bambancin?

Likitar Dabbobi:
Da ma'aunin zafi, da idonka, da hannunka. Ka shafa wa ma'aunin ɗan mai, ka sa a dubura, ka ɗan karkata shi ya taɓa bangon hanji, kada ya nutse cikin kashi. Saniya lafiyayya tana tsakanin 38 da 39.3 a ma'aunin Salsiyas. Tunkiya da akuya 38.5 zuwa kusan 40. Doki 37.5 zuwa 38.5. Kare da kyanwa 38 zuwa 39.2. Kada ka auna dabbar da aka gama kora a rana, bar ta ta huta a inuwa tukuna. Bayan haka ka ja fatar idonta ta ƙasa ka ga launin ciki, ka ɗaga leɓe ka danna dasashi ka ga ko jini ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Idan mai tuƙa ce, ka dunƙule hannu ka danna kwiɓin hagu, ka jira: tumbi lafiyayye yana motsawa sau ɗaya ko biyu a minti guda, za ka ji yana turo hannunka. Duk wannan bai kai minti biyar ba.

Mai Kaji:
Ni fa na taɓa auna kaza na ga 41.5 na ce ta mutu ta gama.

Likitar Dabbobi:
Lafiyarta ƙalau, haka jikin kaza yake, daga 40.5 zuwa 42. Wannan lambar a jikin doki kuwa tashin hankali ne. Raƙumi ma nasa daban ne: idan yana fama da ƙishirwa, jikinsa kan sauka zuwa wajen 34 da asuba, ya haura 40 da yamma, ba tare da zazzaɓi ba. Lambar ita kaɗai ba ta cewa komai sai ka san jikin wa ka auna da kuma wane lokaci.

Tsohon Malamin Dabbobi:
Bari in shiga tsakani. Dokta 'yata, duk abin da kika faɗa daidai ne, amma kada a mai da mai garke kamar wanda bai san me yake yi ba. Mun yi aikin nan a inda babu ɗakin gwaji, babu madubin duba jini, dabba na numfashi sama-sama a gabanka. A irin wannan hali ba ka jiran sakamako, kana ba da magani bisa zato mafi ƙarfi. Mu ma likitocin haka muke yi, sai dai ba mu cika faɗa ba. Inda na saɓa da shi, zato iri biyu ne. Akwai na wanda ya tambaya: yaushe ta fara, guda nawa suka kamu, manya ne ko ƙanana, an sauya abinci, an shigo da sabuwar dabba? Akwai kuma na wanda ya riga ya zuƙi allura kafin ya isa garken. A aikina, tambayoyin nan sun fi kowane gwaji warware mini matsala. Dabba ɗaya ta kumbura, ka nemi abin da ta haɗiya. Goma sun kumbura rana ɗaya, ka je ka duba inda suka yi kiwo.

Likitar Dabbobi:
Baba, ban ja da ku ba. Abin da nake ƙi shi ne zaton da ba ya sauyawa. Ko wace alama, amsa ɗaya.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Don Allah a yi mana maganar zawo, don shi ne aka fi ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ido rufe.

Likitar Dabbobi:
Madalla, ƙanwata. Maraƙi mai zawo, abin da ke kashe shi galibi ƙarewar ruwa ce da tsamin jini, kafin ma a zo maganar ƙwayar cutar. Kwanakinsa a duniya kuma suna ba ka haske. A kwana huɗun farko an fi zargin bakteriyar E. coli. Daga kwana biyar zuwa mako uku an fi samun bairos irin su rota da korona, da ƙwayar kiriftosforidiyam, waɗanda oksitetrasaikilin ba ya taɓa su. Bayan mako uku, idan kashin da jini kuma yana yunƙuri, a tuna da koksidiya, ita ma maganinta daban.

Abin yi na farko ɗaya ne a dukansu. Ka tsunkuli fatar wuyansa ka saki: idan ta koma nan take, da sauƙi, idan ta tsaya a tsaye na wasu daƙiƙoƙi, ido ya faɗa ciki har ka ga rata tsakaninsa da fatar ido, ya rasa ruwa kamar kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. A maraƙi mai kilo 40, wannan ya haura lita 3, ban da wanda yake ci gaba da zubarwa. Sai ka sa masa yatsa a baki. Idan ya tsotsa, ruwan gishiri da sinadarai ta baki zai yi aiki. Idan bakin ya yi sanyi, bai tsotsa ba, bai iya tsayuwa ba, sai ƙarin ruwa ta jijiya, kada a ɗura masa ya shaƙe. Abu biyu da ake yawan kuskurewa: ana hana shi nono wai don zawon ya tsaya, alhali yunwa ce za ta ƙarasa shi; ana kuma haɗa masa ruwan da sukarin shayi, wanda hanjin maraƙi ba ya iya narkarwa, sai zawon ya ƙaru. Gulukos ake so.

Tsohon Malamin Dabbobi:
Ki ƙara da dakashi. Maraƙin da bai sha shi sosai a awa shidan farko ba, ya shigo duniya ba garkuwa. Kafin awa 24 hanjinsa ya daina ɗaukar kariyar da ke ciki. Rabin zawon da ake kira na a kai tun ranar haihuwa aka shuka shi.

Mai Garken Awaki:
To a awaki fa? Idan zawo ya shigo, allurar nan tana rage mini asara, wannan na gani da idona.

Likitar Dabbobi:
Zai yiwu, kuma ga dalili. Idan zawon ya zo da zazzaɓi 40 zuwa 41, kwantsa ta like ido, majina ta bushe a hanci, ka buɗe baki ka ga gyambo yana wari, kuma da yawa suka kamu a tare, wannan kamannin PPR ne, wato annobar awaki da tumaki. Bairos ce, allurarka ba ta kashe ta, tana dai taimakawa wajen ciwon huhun da ke hawa kanta. Don haka ka ga sauƙi, amma cutar tana nan tana zagaya garken. Tun 1942 aka fara bayyana ta a Kwaddibuwa, rigakafinta yana kare dabba aƙalla shekara uku, kuma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita, kamar yadda aka sanar da kawar da 'yar'uwarta, cutar bushiya ta shanu, a 2011. Irin wannan a ware marasa lafiya a kuma sanar da hukuma.

Amma akuyar da ta ɓalle ta cika cikinta da hatsi ita ma zawo za ta yi, mai tsami, tumbi ya tsaya cik, ka girgiza kwiɓin ka ji ruwa na kaɗawa. Ita hatsin za a janye, a ba ta busasshiyar ciyawa da maganin rage tsami. Wata kuma tsutsa ce. Zawo uku ke nan, hanya uku.

Uwar Kyanwoyi:
Ni tambayata daban. Kyanwata ta yi zafi tun jiya, ta ƙi ci. Akwai farasitamol na yara a gida, nawa zan ba ta?

Likitar Dabbobi:
Hajiya, ko ɗigo kada ki ba ta. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa farasitamol. Ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya gagara. Ki kai ta a duba ta yau. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse kan taru a hantarta ya zama wata cutar ta daban. Idan kuma kika ga tana numfashi baki buɗe, kada ki kwatanta da kare. Shi haki al'adarsa ce, ita kuwa alamar gaggawa ce.

Uwar Kyanwoyi:
Innalillahi. Har na ɗauko cokali. Na gode, Dokta.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Wannan babin shi ya fi ba ni tsoro a karatu. Maganin ƙuma na kare mai fametirin, a ɗiga wa kyanwa, sai karkarwa da farfaɗiya. Ibufurofen yana ɓula cikin kare ya taɓa ƙoda. Monensin da ake sa wa a abincin kaji da shanu, kaɗan ya ishi zuciyar doki. Abincin da aka ƙara wa sinadarin tagulla don shanu, tunkiya ta daɗe tana ci sai ta wayi gari da shawara. Fenisilin ta baki yana kashe zomo. Har aibamektin, maganin tsutsar nan da kowa ya amince da shi, akwai karnuka irin su Koli da ke da wani gado a jini da ke sa ya shige musu ƙwaƙwalwa.

Tsohon Malamin Dabbobi:
Kin manta da ungulu, 'yata. A Indiya da Pakistan da Nepal an riƙa yi wa shanu allurar daikulofenak don zafi da ciwo. Saniya ta mutu, ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace. Daga shekarun 1990 wasu jinsunan suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, sai a 2006 ƙasashen suka hana amfani da shi a dabbobi, aka koma meloksikam. Babu wanda ya yi niyyar kashe tsuntsu, zazzaɓin saniya ake nema a sauke.

Baban Dawaki:
Ina biye da ku. Ni abin da na ga mutane ba su gane ba shi ne ciwon ciki. Kare ya yi amai sau ɗaya ya ci gaba da wasa, ba komai. Doki kuwa ba ya iya amai. Idan cikinsa ya cika, babu mafita ta sama, tumbin na iya fashewa. Shi ya sa idan ya fara tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayar kwiɓinsa, yana gumi, yana son birgima, nake fara lalubar bugun jini a ƙarƙashin muƙamuƙi. Lafiyayye 28 zuwa 44 a minti. Ya haura 60 ya ƙi sauka, ba na jiran gari ya waye. Kuma ina roƙon masu doki: kada a ɗaga masa kai a ɗura masa mai da kwalba, ya bi ta huhu an gama. Likita ta hanci yake zura bututu har ciki.

Likitar Dabbobi:
Gaskiya ne, Alhaji. In ƙara ɗaya: a ƙirga bugun a rubuta kafin a yi allurar kashe zafi. Tana rufe alamun, likita ya zo ya tarar da doki tsaye lafiya lau alhali hanji ya murɗe. Jaki kuma akasin doki ne, ba ya nuna ciwo. Jakin da ya yi shiru ya sunkuyar da kai ya ƙi ci, a ɗauke shi kamar dokin da ke birgima.

Kumburin masu tuƙa kuwa a hagu yake tashi, ka buga ka ji kamar ganga. A zura bututu ta baki. Idan iska ta fito fuu, cikin ya sace, to iska ce ta taru, a nemi dalilin da ya hana gyatsa, wataƙila wani abu ya maƙale a maƙogwaro. Idan kumfa ce ta toshe bututun, yawanci ɗanyen ganye mai taushi aka ci da yawa, maganinta man girki kamar mililita 250 zuwa 500 ga babbar saniya, don ya fasa kumfar. Huda kwiɓi sai dabba ta kai ga faɗuwa. Wadda kuma kullum cikinta a ɗan kumbure, tana ramewa, ci kaɗan, kashi kaɗan, magani ya ƙi ci, a yi tunanin leda da igiya a tumbi. Wannan sai tiyata.

Mai Kaji:
Mu dai masu kaji namu da sauƙi, ɗaya ta mutu mu buɗe mu gani.

Tsohon Malamin Dabbobi:
A kaji haka ne, buɗe biyu ko uku ya fi zato, in dai ba mutuwa ce ta ɗaruruwa dare ɗaya ba, wadda ake tsoron murar tsuntsaye, a nan hukuma ake kira. Amma kada wannan ɗabi'a ta bi ka zuwa shanu da tumaki. Dabbar da ta faɗi matacciya ba jinya, ta kumbura da wuri, baƙin jini da ba ya daskarewa na fita ta hanci da dubura, ba a sa mata wuƙa. Idan cutar saifa ce, da zarar iska ta taɓa jinin ƙwayar ta yi sulke, ta zauna a ƙasar wurin shekaru da dama, mai fiɗar ma tana kama shi.

Na biyu, saniyar da ke dalala, tana wani irin kuka, tana yi kamar abu ya tsaya mata a wuya. Hannu yakan yi saurin shiga baki. Ku tambaya tukuna ko kare ya cije ta a makonnin baya. Haukan kare a shanu haka yake zuwa. Wanda yawun ya taɓa masa rauni ya wanke da sabulu da ruwa minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Idan alamun suka bayyana a mutum, magani ya ƙare.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Baba, jan fitsari fa? An koya mana bambancin amma da injin juya jini.

Tsohon Malamin Dabbobi:
Kwalba mai haske ta isa. Ki tari fitsarin ki ajiye ya zauna. Idan jan ya kwanta a ƙasa sama ta washe, jini ne ke zuba daga mafitsara ko ƙoda. Idan ya tsaya ja ko ruwan ƙasa daga sama har ƙasa, ƙwayoyin jinin ne suke fashewa a cikin jiki. Ki haɗa da zazzaɓi, da farin cikin fatar ido, da kaska a jiki, kin kusa kama babesiya, cutar jini da kaska ke kawowa. Ita kuma akwai allurarta ta musamman.

Mai Garken Awaki:
Na ji duka, kuma ma'aunin zafi zan nema. Amma maganin tsutsa kam ba zan daina ba kowa da kowa ba. Rigakafi ne.

Likitar Dabbobi:
A nan ma za mu ja. Dabbobi ƙalilan ne a garke ke ɗauke da mafi yawan tsutsar. Idan ka ba kowa a kai a kai, masu rauni cikin tsutsotsin su mutu, masu jure magani su rage su hayayyafa, wata rana ka ɗura ka ga kamar ruwa ka ba su. A Afirka ta Kudu, inda wannan matsala ta yi tsanani, aka fito da katin FAMACHA: launi biyar, daga ja mai lamba 1 zuwa fari mai lamba 5, ka kara da cikin fatar ido. Mai lamba 4 da 5 a ba ta magani, mai 3 a duba ƙanana da masu shayarwa, sauran a bar su. Yana aiki ne a kan tsutsar da ke shan jini a ciki, wadda ke sa ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa. Farin ido na iya zama na tsutsar hanta ko sammore, don haka idan ka ba da magani bai sauya ba, a duba kashi da jini. Kuma ka auna nauyi. Akuya tana buƙatar fiye da abin da ake ba tunkiya mai nauyinta a yawancin magungunan, albendazol kuma ba a ba mai sabon ciki a watan farko.

Mai Garken Awaki:
Wannan na bar wasu ba magani, sai na gwada a rabin garke na gani. Ban yarda ba tukuna.

Tsohon Malamin Dabbobi:
Gwada ɗin ma ci gaba ne. Ka dai riƙa rubuta wadda ka yi wa allura da ranar, don kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba na hana shan nono da yanka ba ado ba ne.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri na katse ku. Ragona tun safe yake yunƙuri kamar kashi ya ƙi fita, yana kaɗa wutsiya, yana harbin cikinsa. Na ba shi maganin sakin ciki, shiru. In ƙara?

Likitar Dabbobi:
Kada ka ƙara. Yaushe rabon da ka ga ya yi fitsari sosai? Duƙa ka duba gashin bakin kaciyarsa. A bushe yake, ko akwai ɗigo-ɗigo da wani abu kamar yashi ya maƙale?

Sabon Shiga:
Na duba. Ɗigo ne kawai, kuma akwai fari-fari kamar gishiri a gashin.

Likitar Dabbobi:
To ba kashi ba ne, tsakuwa ce ta toshe masa hanyar fitsari. Ragon da ake turkewa a kan hatsi da dusa ba isasshiyar ciyawa ya fi kamuwa da ita. Kada ka ɗura masa ruwa, kada kowa ya yi masa allurar sa fitsari, mafitsarar na iya fashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ka ga ya huce farat ɗaya ba tare da ya yi fitsarin ba, ba sauƙi ba ne, ta fashe ke nan. Ka janye hatsin, ka kai shi wurin likita yanzu. Sau da yawa tsakuwar a ɗan siririn tsinin gaban take tsayawa, a yanke shi fitsari ya zubo. Idan ta fi nan zurfi sai tiyata. In akwai wasu raguna a kan abinci ɗaya da shi, ka ƙara musu ciyawa da ruwa mai tsabta, ka kuma tambayi likitan yadda za a sa musu amoniyam kulorayid a abinci.

Sabon Shiga:
Ga ni nan na kama hanya.